Tarihin Binciken Al'adar Nok

Al'adar Nok suna ne da masana kayan tarihi suka laƙaba wa wata tsohuwar al'umma da ta rayu a tsakiyar Najeriya, wadda aka fi sani da mutum-mutumin yumɓu da ta ƙera ta gasa. An ɗauko sunan daga ƙauyen Nok da ke ƙaramar hukumar Jaba a kudancin Jihar Kaduna. Tarihin binciken wannan al'ada ya nuna yadda tunanin masana ya sauya: da farko kyan abin da aka tono ake kallo, daga baya aka koma tambayar yadda masu shi suka rayu.

Farkon ganowa

A shekarar 1928 masu haƙar kuza suka ci karo da wani ƙaramin kai na yumɓu a kusa da Nok. A 1943 aka kai wa Bernard Fagg, wani jami'in mulkin mallaka da ya karanci ilimin kayan tarihi, wani kan da aka samu a Jema'a, bayan an daɗe da kafa shi a gonar doya don korar tsuntsaye. Fagg ya lura cewa ƙirar kawunan biyu iri ɗaya ce, musamman idanu masu kusurwa uku da hudar ƙwayar ido. Shi ya sa wa al'adar suna, kuma ya kafa Gidan Tarihi na Jos da aka buɗe a 1952.

Cikas ɗin wancan zamani shi ne yawancin kayan daga ramukan kuza suka fito, inda ruwa ya riga ya kwashe su daga mazauninsu na asali. Don haka masana suka dogara ga kwatanta salon ƙira, har wasu suka yi hasashen alaƙa da fasahar Ife.

Taruga da narka ƙarfe

A shekarun 1960 Fagg ya yi tono a Taruga, kusa da Abuja ta yau, ya samu tanderun narka tama tare da gutsattsarin mutum-mutumi. Gwajin kabon ya nuna an yi aikin ƙarni da dama kafin Miladiyya. Wannan ya sanya Nok cikin muhawarar da har yanzu ake yi, ko Afirka ta Yamma ta gano narka ƙarfe da kanta ne ko daga waje ta koyo. 'Yar Fagg, Angela, ta yi tono a Samun Dukiya, sannan masanin Najeriya Joseph Jemkur ya ci gaba da aikin.

Binciken zamani

Daga 2005 Jami'ar Goethe ta Frankfurt a Jamus, ƙarƙashin Peter Breunig da Nicole Rupp, ta fara dogon bincike tare da Hukumar Gidajen Tarihi ta Najeriya, da sansani a Janjala. Sun mai da hankali kan abin da a da ake zubarwa: tsingaro, gawayi, duwatsun niƙa da ƙonannun tsaba. Daga nan aka gano cewa al'adar ta faro wajen shekara ta 1500 kafin Miladiyya, mutanenta manoman gero da wake ne masu cin atile, kuma mutum-mutumin ya bayyana ne ɗaruruwan shekaru bayan haka. A 2021 gwajin maiƙon da ya shige cikin tukwane, wanda masanan Jami'ar Bristol suka yi, ya nuna alamar kakin zuma a kusan kashi ɗaya bisa uku na tukwanen da aka samu maiƙo a cikinsu.

Binciken ya kuma raunana zaton cewa sai babbar masarauta ce za ta iya irin wannan fasaha, domin ƙananan matsugunai aka samu, ba fada ko ganuwa. Galibin mutum-mutumin a fashe aka tarar da su, an binne a ramuka, wani lokaci kusa da jerin duwatsu da tsakiyoyi da ake kyautata zaton kaburbura ne.

Babbar barazana

Tun shekarun 1990 masu tonon sata suka yi wa wurare masu yawa kaca-kaca don sayarwa a ƙasashen waje. Kan da aka fizge daga raminsa ya rabu da gawayin da zai faɗi shekarunsa da tsabar da za ta faɗi abincin mai shi. Shi ya sa kare wuraren da suka rage, tare da al'ummomin da ke noma a kansu, ya zama sharaɗin duk wani ci gaban wannan ilimi.