Fess Parker: Jarumin talabijin da ya ɗora wa yaran Amurka hular fata

A ranar Alhamis, 18 ga Maris, 2010, ɗan wasan kwaikwayo na Amurka, Fess Parker, ya mutu a gidansa da ke kwarin Santa Ynez a Jihar Kalifoniya yana da shekara 85. A lokacin ya shafe fiye da shekara 30 rabonsa da fitowa a fim. Duk da haka labarin mutuwarsa ya ratsa zukatan dattawan Amurka masu shekara 60 da ɗoriya, domin a idonsu wanda ya tafi shi ne Davy Crockett, maharbin nan mai hular fata da doguwar bindiga da suka tashi suna kallo a talabijin suna kwaikwayonsa a bayan gida.

Mutum uku ne suka haɗu a cikin wannan suna: Crockett na tarihi, da Crockett ɗin da kamfanin Disney ya ƙera, da kuma Parker da ya ba shi fuska da murya. Sanin bambancinsu shi ke bayyana yadda shirin yara ya zama tarihin da al'umma guda ta riƙe a ka.

Wane ne Fess Parker?

An haifi Fess Elisha Parker a birnin Fort Worth na Jihar Texas a ranar 16 ga Agusta, 1924, ya kuma girma a yankin San Angelo. Ya shiga rundunar sojan ruwa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da burin zama matuƙin jirgin sama, amma tsawonsa, wanda ya kusa mita 2, ya hana. Bayan yaƙi ya karanta tarihi a Jami'ar Texas da ke Austin, ya kammala a 1950, sannan ya nufi Kalifoniya don koyon wasan kwaikwayo.

Ya ɗauki 'yan shekaru yana fitowa a ƙananan matsayi. A 1954 ya samu 'yar gajeruwar fitowa a fim ɗin Them!, wanda ke ba da labarin wasu ƙattin tururuwa. Ya fito a matsayin matuƙin jirgin da aka kulle a asibitin masu taɓin hankali saboda ya dage cewa ya ga abin da ba wanda ya yarda da shi. Walt Disney ya kalli fim ɗin ne don ya duba wani ɗan wasa daban, James Arness, sai idonsa ya tsaya a kan wannan dogon saurayi mai magana a natse. Daga nan rabo ya rantse.

Mene ne “bakin iyaka”?

Masu kallo a ƙasar Hausa sun saba da finafinan kaboyi, na makiyayan shanu masu dawakai da ƙananan bindigogi. Zamanin kaboyi ya zo ne bayan yaƙin basasar Amurka da ya ƙare a 1865. Labarin Crockett ya girme shi. Na zamanin da Turawa 'yan kama-wuri-zauna ke tsallake tsaunukan Appalachia suna kutsawa yamma ne, suna sare daji suna kafa gonaki a ƙasashen da ƙabilu irin su Cherokee da Creek da Shawnee suka gada kaka da kakanni. Waɗannan ƙabilu su ne 'yan asalin nahiyar, waɗanda masu kallon fim a nan suka fi sani da “Indiyawan daji”.

Layin da ke tsakanin inda mulkin Turawa ya tsaya da inda na ƙabilun ya fara shi ne bakin iyaka, kuma kullum gaba yake matsawa. A 1893 masanin tarihi Frederick Jackson Turner ya yi hasashen cewa zaman bakin iyaka ne ya gina halin Ba'amurke na dogaro da kai da ƙin sarauta. Wannan fahimta ta yi tasiri ƙwarai a makarantu da finafinai, ko da yake masana na baya sun soke ta da cewa ta ɗauki ƙasar tamkar ba kowa a cikinta kafin zuwan Bature.

Yadda Disney ya ƙera jarumi

A 1954 Walt Disney na neman kuɗin gina filin shaƙatawa na Disneyland. Tashar ABC ta zuba jari a aikin, shi kuma ya amince ya riƙa ba ta shiri duk mako. Ɗaya daga cikin sassan filin, Frontierland, an keɓe shi ne don zamanin bakin iyaka, don haka ana bukatar gwarzon da zai tallata shi. Aka zaɓi Crockett.

Kashi uku aka shirya tun farko. Na ɗaya, wanda ya shafi yaƙinsa da ƙabilar Creek, an nuna shi a ranar 15 ga Disamba, 1954. Na biyu, kan zamansa a majalisa, ya fito a 26 ga Janairu, 1955. Na uku, kan yaƙin Alamo, ya biyo baya a 23 ga Fabrairu. Buddy Ebsen ne ya fito a matsayin amininsa, George Russel. An ɗauki shirin da launi duk da cewa baƙi-da-fari ake watsawa a lokacin, abin da ya ba kamfanin damar haɗa kashi ukun su zama fim guda da aka kai silima a 1955.

Kamfanin bai zaci abin zai karɓu haka ba, shi ya sa ya kai jaruminsa ga ajali tun a kashi na uku. Da aka ga kasuwa ta buɗe, sai aka koma baya aka ƙirƙiro wasu kashi biyu a ƙarshen 1955, kan tseren jiragen ruwa da 'yan fashin kogi. Jimilla kashi 5 ke nan, kuma a kansu sunan Parker ya tsaya har ƙarshen rayuwarsa.

Abin da Parker ya kawo shi ne natsuwa. Crockett ɗinsa ba ya ɗaga murya, ba ya fara tsokana, yana cika alkawari, yana kuma bin ƙa'idar nan da aka san Crockett na gaskiya da ita, wato mutum ya tabbatar yana kan daidai kafin ya ɗaga ƙafa. Iyaye sun ga tarbiyya a ciki, yara kuma sun ga uba ko yayan da kowa ke so ya samu.

Zazzaɓin hular fata

Shirin ya zo a kan gaɓa. A 1950 gidajen Amurka da ke da talabijin ba su kai ɗaya cikin 10 ba, amma zuwa 1955 sun doshi biyu cikin uku. Ga kuma ɗimbin yaran da aka haifa bayan yaƙi, waɗanda su ne rukunin farko da ya tashi a gaban akwatin.

Alamar wannan zazzaɓi ita ce hular fatar rakun, wata dabbar dawa ta Amurka mai girman muzuru, mai wutsiya zobe-zobe. Ana ɗinka hular ne a bar wutsiyar tana reto a ƙeya. Bukatarta ta sa farashin fatar ya yi tashin gwauron zabo, har masu ɗinki suka koma amfani da fatar zomo da wasu dabbobi. Aka buga sunan Crockett a riguna da akwatunan abincin makaranta da bindigogin wasa da zannuwan gado. Waƙar shirin, The Ballad of Davy Crockett, wadda George Bruns ya yi wa kiɗa Tom Blackburn ya rubuta baitocinta, ta hau kan gaba a jerin waƙoƙin da aka fi saye a 1955 da muryar Bill Hayes.

Akwai darasi ga 'yan kasuwa a nan. Da yake Crockett mutumin tarihi ne, Disney bai iya mallake sunan shi kaɗai ba, kowa ya shiga ya ci rabonsa. Sannan kafin ƙarshen 1955 kasuwar ta faɗi kamar yadda ta tashi, aka bar masu shaguna da tarin hulunan da ba mai tayawa. Shirin ya ƙetara zuwa Turai, inda a Faransa aka sauya sunan jarumin a allunan talla zuwa Fier Parker, saboda lafazin Fess ya yi kama da kalmar da ke nufin mazaunai a Faransanci.

Crockett na gaskiya

David Crockett, kamar yadda shi kansa yake sa hannu, an haife shi a ranar 17 ga Agusta, 1786, a yankin da yanzu yake gabashin Jihar Tennessee. Ya yi yaƙin Creek na 1813 zuwa 1814 a ƙarƙashin Janar Andrew Jackson, ya yi suna wajen farautar beyar, ya shiga majalisar jiharsa a 1821, sannan aka zaɓe shi Majalisar Wakilai ta tarayya a 1827.

Babban abin da tarihi ya riƙe masa ya faru ne a 1830, lokacin da Jackson, wanda ya zama shugaban ƙasa, ya kawo dokar kwashe ƙabilun asali daga kudu maso gabas zuwa hayin kogin Mississippi. Crockett ne kaɗai cikin wakilan Tennessee ya ƙi amincewa da ita. Shugaban Cherokee, John Ross, ya aika masa da wasiƙar godiya, amma ya rasa kujerarsa a zaɓen 1831. Dokar ta wuce, kuma a 1838 zuwa 1839 aka tasa ƙeyar Cherokee a tafiyar da ake kira Tafarkin Hawaye, inda dubbai suka mutu. Shirin Disney ya nuna wannan tsayin daka na Crockett, amma bai bi sawun waɗanda aka kora ba.

Ya sake cin zaɓe a 1833, ya wallafa tarihin rayuwarsa a 1834, ya sha kaye a 1835, sai ya tafi Texas, wadda a lokacin take ƙarƙashin Meziko. A can ya mutu ranar 6 ga Maris, 1836, lokacin da sojojin Janar Santa Anna suka murƙushe masu tsaron sansanin Alamo a San Antonio.

Akwai abubuwan da talabijin ya tsallake. Crockett ya mallaki bayi, kuma batun bauta, wadda Meziko ta haramta a 1829, na cikin dalilan tawayen Texas. Ya yi ta fama da bashi. Hotunan da aka zana shi yana raye galibi sun nuna shi cikin kwat irin ta manyan gari. Tun yana da rai ma an fara ƙawata labarinsa a wasan daɓe da ƙananan littattafai, shi kuma ya yi amfani da hakan wajen neman ƙuri'a.

Hatta mutuwarsa ana jayayya a kanta. Disney ya rufe labarin da Crockett yana kaɗa gindin bindiga a tsakiyar abokan gaba, ba a nuna faɗuwarsa ba. A 1975 aka wallafa fassarar Ingilishi ta rubutun wani hafsan Meziko, José Enrique de la Peña, wanda ya ce an kama Crockett da rai ne tare da wasu, aka kashe su bisa umarnin Santa Anna. Masana sun rabu kan sahihancin rubutun, amma fushin da ya tayar a tsakanin jama'a ya nuna cewa gani ya kori ji: abin da yaro ya kalla yana ɗan shekara 7 ya fi ƙarfin abin da aka karanta masa yana ɗan 30.

Daga Crockett zuwa Daniel Boone

Parker ya ci gaba da yi wa Disney finafinai, ciki har da The Great Locomotive Chase a 1956 da Old Yeller a 1957, kafin su rabu a ƙarshen shekarun 1950 saboda saɓani kan irin matsayin da ake ba shi. A 1964 ya dawo talabijin da shirin Daniel Boone a tashar NBC, wanda ya ɗauki shekara 6 da kashi 165, har zuwa 1970. A wannan karon yana da hannun jari a shirin, kuma ya ba da umarnin wasu sassansa. Ed Ames ya fito a matsayin Mingo, abokinsa ɗan Cherokee.

Boone na tarihi ya girmi Crockett da shekara 52. An haife shi a Pennsylvania a 1734, ya jagoranci share hanyar da ta ratsa mashigar Cumberland zuwa Kentucky a 1775, ya kafa Boonesborough, Shawnee suka kama shi a 1778 har shugabansu Blackfish ya ɗauke shi ɗa, ya kuma mutu a Missouri a 1820. Bai saba sa hular rakun ba, malafa yake sawa. Amma da yake fuskar Parker ce kuma hular na kansa, sai mutanen biyu suka narke suka zama ɗaya a tunanin masu kallo da yawa.

Bayan barin fim

A farkon shekarun 1970, yana ɗan ƙasa da shekara 50, Parker ya ajiye wasan kwaikwayo ya rungumi harkar filaye da gine-gine a Santa Barbara. Ya gina babban otal a bakin teku, ya kuma kafa gonar inabi da masana'antar giya a Los Olivos, wadda tambarinta ke ɗauke da 'yar ƙaramar hular fata. A 1991 kamfanin Disney ya sanya shi cikin jerin gwarazansa. Ya yi aure a 1960, kuma yana tare da matarsa har mutuwa ta raba, suna da 'ya'ya biyu.

Abin da ya rage

Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Yaran 1955 su ne samarin da suka riski yaƙin Vietnam da rigingimun neman 'yancin baƙar fata, inda suka tarar duniya ba ta rabu gida biyu tsakanin na kirki da mugu kamar a akwatin talabijin ba. Ga da yawansu, Crockett ɗin Parker shi ne hoton lokacin da gaskiya take a sarari.

Jikokin Creek da Cherokee da Shawnee kuwa suna da nasu karatun na wannan zamani, domin abin da wani ya kira buɗe daji shi ne rasa gida a wurinsu. Mai son fahimtar Amurka yana bukatar ya saurari ɓangarorin biyu. Shi dai Parker an binne shi a maƙabartar Santa Barbara, kuma a jikin dutsen kabarinsa an zana hular fata.