Mutumin da ya duba Zara da idonsa

Ya kai mai karatu, in ka yi sammako za ka gona, kana ganin rana ta ɓullo daga gabas, da marece ta faɗa yamma. Ƙasar da kake takawa kuwa ko motsi ba ta yi. In wani ya ce maka ƙasar ce ke juyawa, za ka ce ya zautu. To, ba kai kaɗai ba. Manyan masana ma haka suka ɗauka shekaru aru-aru.

Wajen shekara ta 150, wani masani mai suna Batlamus ya zauna a Iskandariya ta Masar. Ya rubuta cewa duniyarmu tana tsaye a tsakiya, rana da wata da taurari suna kewaya ta. Kusan shekara 1400 ana karantar da wannan magana. Ibn Haisam, haifaffen Basra, wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya rubuta littafi a kan shakkun da yake da su game da lissafin Batlamus. Bai ce duniya tana tafiya ba, amma ya nuna babban malami ma yana kuskure. A 1543 littafin Kofanikus, mutumin Polan, ya fito yana cewa rana ce a tsakiya. Kaɗan ne suka yarda.

Sai ga Galileyo, malamin lissafi a Italiya. A 1609 ya ji labarin wani bututu mai gilashi da ke jawo abin nesa kusa. Ya ƙera nasa, ya ɗaga shi sama. A farkon 1610 ya ga ƙananan watanni huɗu suna kewaya tauraron Mushtari. Ashe ba kome ke kewaya mu ba! Ya duba farin zanen nan mai kama da hayaƙi da ke ratsa sama da dare, ya ga taurari ne barkatai, ba su ƙidayuwa.

Daga nan ya juya ga Zara, wadda muke kira matar wata. Ya yi watanni yana bin ta. Wani lokaci takan yi ƙarama, fuskarta kusan cike. Wani lokaci takan yi girma, amma siririya kamar jinjirin wata. Me wannan ke nufi? In ta yi nisa, tana can bayan rana, sai mu ga gefenta mai haske. In ta matso tsakaninmu da rana, sai ta ba mu baya. Ke nan rana take kewayawa, ba mu ba.

Galileyo ya ce wa malamai su zo su leƙa. Waɗansu suka ƙi, wai littafi ya ishe su. A 1633 kotun coci a birnin Rum ta tilasta masa janye maganarsa. Aka tsare shi a gida har ya mutu a 1642. Masu bincike na baya suka tabbatar duniya tana kewaya rana, sau ɗaya a shekara. A 1992 Paparoma ya amsa cewa an yi kuskure a hukuncin nan.

Yau an san tsakaninmu da rana kilomita wajen miliyan 150 ne, kuma rana tauraruwa ce ɗaya cikin taurari masu ɗimbin yawa. Duniyarmu ƴar ƙarama ce, kamar ƙwayar gero a cikin rumbu.

Ɗan'uwa, shakka daban, taurin kai daban. Mai taurin kai shi ne wanda ya ƙi leƙa bututun. Mai shakka yakan ce: kawo in gani. Kai ma in an kawo maka sabon iri, kakan gwada shi a gefen gona kafin ka shuka shi duka. Yanzu da ka iya karatu, takardu da yawa za su zo hannunka, masu gaskiya da masu ƙarya. Kada ka yarda da magana don kawai an buga ta a takarda. Ka tambaya: wa ya gani, kuma yaya aka auna? Gani ya kori ji.