Asalin Jiragen Ruwan Musulmi

Mai sayen banda a Hanyar Baga, nan Bolori, ya san kifin daga Tafkin Chadi ya fito, ya san kwale-kwale, amma teku sai dai a labari. To, haka akasarin mutanen Makka da Madina suke a farkon Musulunci, raƙumi ne abin hawansu. Ko da sahabbai suka yi hijira zuwa Habasha a shekarar 615, jiragen fatake suka taras a gaɓar Shu'aiba, suka biya kuɗin fito.

Da aka ci Sham da Masar sai matsala ta ɓullo. Rumawa sun rasa ƙasa, amma Bahar Rum na hannunsu, duk sa'ad da suka ga dama sai su faɗa wa garuruwan gaɓa su koma. Mu'awiya, gwamnan Sham, ya nemi izinin Halifa Umar ya kai yaƙi ta ruwa. Umar ya ƙi. Ba a ga laifinsa ba, domin Ala'u ɗan Hadrami ya taɓa ƙetarawa da runduna daga Bahrain zuwa Farisa ba da izini ba, da ƙyar aka ceto su.

Halifa Usman ne ya yarda, shi ma da sharaɗi: kada a tilasta wa kowa, kada a yi ƙuri'a, wanda ya so shi zai tafi. An ce har ya sa Mu'awiya ya tafi da matarsa, don a ga ko da gaske ya amince da tekun. Sassaƙar jiragen kuwa da tuƙinsu, Ƙibɗawan Masar da mutanen gaɓar Sham suka yi, yawancinsu Kiristoci, su ne suka gaji sana'ar.

A shekarar 649 aka tashi daga Akka zuwa tsibirin Ƙubrus. Cikin ayarin har da Ummu Haram, matar Ubada ɗan Samit, wadda ta faɗo daga kan alfadari ta rasu a can. Kabarinta na kusa da Larnaka.

A 655 Sarkin Rum Konstans na biyu ya fito da kansa, suka gamu da Abdullahi ɗan Sa'ad, gwamnan Masar, a yaƙin Zatus Sawari. Musulmi suka ɗaure jiragensu da na Rumawa, aka koma sara da suka kamar a doron ƙasa. Sarkin ya sha da ƙyar, cikin tufafin wani daga mutanensa.