Zare: Yadda rikicin kulle fayil ya haifar da Maildir

1/ A da, saƙo biyu na iya shigowa akwatin imel ɗinka lokaci guda, su cakuɗe, ɗaya ya salwanta. Ga yadda aka yi maganin abin. Ku biyo ni 🧵

2/ A tsohon tsarin Unix, duk wasiƙun mutum a fayil ɗaya suke, sunansa mbox. Sabon saƙo ya zo, sai a liƙa shi a ƙarshe. Fayilolin kowa kuma suna folda guda, /var/spool/mail.

3/ To, idan saba tana rubuta sabon saƙo kai kuma kana goge tsoho fa? Dole ɗaya ya jira. Sai aka riƙa ajiye ɗan fayil mai ƙarewa da .lock, alamar akwai mai aiki a ciki.

4/ Amma ajiye shi na buƙatar izinin rubutu a foldar. Ko dai a buɗe ta ga kowa da izinin 1777, ko a ba manhajar karanta imel ikon rukunin mail. Duka biyun ƙofa ce ga masu kutse.

5/ A 1984 kamfanin Sun Microsystems ya fito da NFS: kwamfutoci da yawa su yi aiki da ma'ajiya ɗaya ta hanyar sadarwa. Jami'o'i da kamfanoni suka rungume shi, har da foldar wasiƙu.

6/ Nan fa aka shiga uku. NFS na farko ba shi da kulle a cikinsa, wata manhaja daban ke yi. Kwamfuta biyu na iya ɗauka kowacce ita ke riƙe da makulli, su rubuta tare.

7/ Ga kuma izini. NFS lambar mai amfani yake dubawa, ba suna ba. Idan 1001 kai ne a wannan na'ura, wani ne a waccan, zai karanta wasiƙunka. Shi kuwa root, ana mayar da shi nobody, sai saƙo ya kasa shiga.

8/ Sai Daniel Bernstein, malamin lissafi a Chicago ta Amurka, ya saki qmail a 1996 tare da Maildir. Bai gyara makullin ba. Ya sa an daina buƙatarsa.

9/ Kowane saƙo da fayil ɗinsa, da sunan da ya haɗa lokaci, lambar aiki da sunan kwamfuta. Ana rubuta shi a foldar tmp, sai ya kammala a matsar da shi new. Mai karatu ya gan shi, ya koma cur. Babu mai ganin rabin saƙo.

10/ Maildir na iya zama a foldar mai shi da izinin 700, shi kaɗai ke shiga. Illarsa: dubban ƙananan fayiloli na rage gudu, shi ya sa Dovecot ke ajiye jerin saƙonni a gefe.

11/ Yau Postfix, Exim da Dovecot duk suna aiki da shi. In za ka ɗora wasiƙu kan NFS, fara da daidaita lambobin masu amfani a kowace na'ura.