Sifiri Mai Fuska Biyu: Tarihin Wani Saɓanin Suna a Harsunan Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin wata 'yar kalma guda, wato SIGN, mai ma'anar "alama", domin a ga yadda ta rabu gida biyu a hannun masu tsara harsunan na'ura mai ƙwaƙwalwa.

Tun da daɗewa masana lissafi suna da wani aiki da suke rubutawa sgn, daga kalmar Latin signum. Idan aka ba shi lambar da ta ɗara sifiri sai ya mayar da +1, wadda ta gaza sifiri −1, shi kuwa sifiri 0. Wannan ma'ana ce harshen ALGOL ya ɗauka a 1960 da sunan sign, BASIC kuma ya kira ta SGN. To amma FORTRAN, wanda kamfanin IBM ya fitar a 1957, ya riga ya kama kalmar (SIGNF da fari, daga baya SIGN) don wani aiki daban. Lambobi biyu yake karɓa, ya ɗauki girman ta farko ya liƙa mata alamar ta biyu. Idan aka ba shi 3 da −2, amsarsa −3 ce. Ashe ke nan suna ɗaya ne, aiki biyu.

Da abin ya tsaya nan, da da sauƙi. Abin da ya dagula shi shi ne yadda na'ura ke ajiye lamba mai ɗigo mai yawo. A ƙa'idar IEEE 754 ta 1985, wadda William Kahan na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya yi wa jagora, lamba mai gurbi 32 kashi uku ce: gurbi 1 na alama, 8 na wurin ɗigo, 23 na jikin lambar. Tun da gurbin alama zaman kansa yake yi, sifiri ma sai ya samu fuska biyu, +0 da −0. Idan aka kwatanta su na'ura za ta ce daidai suke, amma a raba 1 da kowannensu a gani: na farko ya ba da adadi marar iyaka ta sama, na biyu ta ƙasa. Ba sakaci ba ne. Lambar da ta ƙanƙance har ta ɓace, alamarta ce kaɗai ke nuna ta wane gefe ta fito.

Nan ne tsohon saɓani ya yi tsanani. Ƙa'idar FORTRAN 77 ta ce idan lamba ta biyu sifiri ce, amsar SIGN ba ta ɗaukar alamar ragi. Fortran 95 ya sassauta, ya yarda a duba fuskar sifirin, ta yadda tsohon shirin da ba a taɓa masa ko harafi ba zai iya canza amsa.

A ganina masu IEEE 754 sun yi hikima da suka guje wa kalmar, suka raɗa wa aikin FORTRAN suna copysign, wato kwafe alama. Harshen C ya karɓi wannan suna a 1999, ya ƙara signbit mai leƙa gurbin alama kawai, bai kuwa tanadi sgn ba sam. Java ya koma wa Latin a 2004 da signum, wanda idan aka ba shi −0 yake mayar da −0, amsar da babu ita a sgn na masana lissafi.