«Work in progress»: aikin da ake kan yi da aikin da ba ya ƙarewa

Masu karanta rahotannin ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa sun saba cin karo da furucin Ingilishi «work in progress», wanda har masu Faransanci suka are shi yadda yake. Ma'anarsa ta fari mai sauƙi ce: aikin da ake kan yi. Da wannan suna masu lissafin masana'antu suke kiran kayan da aka fara sarrafawa amma ba su kai ga shiga kasuwa ba, wato aiki mai ƙarshe sananne. Sai dai yau ana jin furucin game da dimokuraɗiyya, da tarbiyya, har da halin ɗan Adam, abubuwan da ba mai iya yanka musu rana. Tarihin littattafai biyu ya isa ya nuna mana waɗannan fuskoki biyu.

Na farko shi ne littafin James Joyce, marubuci ɗan ƙasar Ayalan da ya zauna a birnin Paris. A watan Afrilu na 1924 wata mujalla da Ford Madox Ford yake jagoranta ta buga guntun sabon aikinsa ƙarƙashin wannan furuci. Joyce ya riƙe shi a matsayin laƙabi, ya ɓoye sunan gaskiya. Shekara goma sha biyar ana karanta littafin gutsure-gutsure, har a 1929 marubuta goma sha biyu, ciki har da Samuel Beckett, suka fitar da kundin sharhi a kansa alhali ba a gama shi ba. Sai a watan Mayu na 1939 ya fito da sunan Finnegans Wake, laƙabin kuwa ya faɗi kamar yadda ake cire tsani bayan an gama gini.

Na biyu shi ne babban ƙamus na Oxford. An kawo shawararsa a Landan a 1857. James Murray ya karɓi ragamar aikin a 1879, ana zaton shekara goma za ta wadatar. Kashi na farko da ya fito a 1884 ko harafin A bai ƙare ba. Murray ya rasu a 1915, ba a kammala ƙamus ɗin ba sai 1928. Shekara biyar bayan haka aka yi masa ƙari, a 1989 aka sake buga shi cikin juzu'i 20, tun daga 2000 kuma ana sabunta shi a intanet duk wata uku. Wannan ba wankin hula ba ne da ya kai masu shi dare. Harshe mai rai ne ba ya tsayawa ya jira mai rubuta shi.

A nan ne maganar ta shafi malamai da masu fassara. Furucin Ingilishi ya lulluɓe abu biyu da mayafi ɗaya, Hausa kuwa tana iya raba su. Akwai gini, akwai yaɓe. Gini yana da ranar da za a ɗora rufi a shiga. Yaɓe kuwa ana maimaita shi muddin ana so katangar laka ta tsaya. Idan ana nufin na farko, sai mu ce «ana kan aiki» ko «ba a gama ba tukuna». Idan na biyu ne, sai mu ce «aiki ne mai ci gaba» ko «aikin kullum».

Bambancin ba na ƙwarewar harshe kaɗai ba ne. Duk wanda ya kira ginin aji ko buga littafin koyarwa aiki marar iyaka ya sami mafakar da zai tsere wa tambaya. Wanda kuma ya ɗauka tattara kalmomi ko raya al'ada abu ne da ake rufewa da biki, zai naɗe tabarma tun aikin yana buƙatarsa. Saboda haka, kafin mai fassara ya zaɓi kalma, wajibi ne ya tambayi mai maganar: shin aikin nan yana da ranar gamawa?