Tankin Man Jirgin Yaƙi da Sunan Titin Koudoukou

A Bangui, mai ɗauko kaya daga kasuwar Kilomita Biyar zuwa Miskine titin Koudoukou yake bi, cikin ƙura da hon ɗin 'yan babur. Bangui ba ta da teku. Amma ra'ayin wannan maƙala shi ne, ba a fahimtar sunan titin nan sai an koma kan wasu jiragen ruwa na yaƙi.

A ƙarshen Agustan 1940, Chadi da Kamaru da Kongo da Ubangi-Shari suka bi Janar de Gaulle, suka juya wa gwamnatin Faransa ta Vichy baya. Ranar 9 ga Satumba Vichy ta tura jirage shida daga Toulon don ta murƙushe wannan bore. Uku manya ne. Sauran ukun, Le Fantasque da Le Malin da L'Audacieux, ƙananan jirage ne masu harba tofido, waɗanda aka ƙera domin farautar jiragen abokan gaba. A wajen gudu ba su da na biyu, domin ɗan'uwansu Le Terrible ya haura kilomita 80 a awa a gwajin 1935.

Sai dai gudun nan yana da farashi. Domin Bahar Rum aka ƙera su, inda tashoshi ke kusa da juna. Suna shan mai, tankinsu kuma ba ya kai su nesa. Dole suka tsaya Kasablanka, manyan suka wuce Dakar. Da manyan suka doshi Gabon, jiragen Ingila suka tare su, suka kuma mayar da jirgin dakon mansu. L'Audacieux kuwa ya iso Dakar daga baya, amma bai wuce nan ba: ranar 23 ga Satumba jirgin yaƙin Australia ya banka masa wuta, matuƙa kusan tamanin suka mutu.

Masana tarihi sukan jingina nasarar de Gaulle a wannan yanki ga jarumtar gwamnan Chadi, Félix Éboué. Gaskiya ce, amma ba ta cika ba, domin jarumta tana buƙatar lokaci, kuma teku ce ta ba da shi. Cikin wannan sarari aka kafa bataliyar BM2 a Bangui, ta yi yaƙi a Siriya, ta tsaya a Bir Hakeim a 1942. A can aka raunata Georges Koudoukou, hafsa na farko ɗan Ubangi-Shari, wanda titin ke ɗauke da sunansa, ya rasu a Iskandariyya ranar 15 ga Yuni. Ya kamata malamanmu su riƙa koyar da labarin jiragen nan tare da nasa.